Gandu, Gayauna da Dokar Hukuma: Tsarin Zaman Jama'a a Ƙasar Kazage

Kazage ɗaya ce daga mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Tana gabashin masarautar Birnin Gwari, ɓangare ɗaya da Kuyello da Tabanni da Kutemeshi, kuma garin Damari a cikinta yake. Ƙasa ce ta masara da dawa da shinkafa da waken suya, ga daji da ya miƙe har Zamfara da Katsina da Neja, ga kuma zinare kwance a ƙarƙashin ƙasa. Hausawa manoma da Fulani makiyaya sun daɗe suna zaune a nan, cikin masarautar da Gwarawa da Kamukawa suke da tsohon tarihi.

Inda daji ya fi gari faɗi, hukuma kuma take nesa, dole jama'a su san iyakar abin da mutum zai yi don ganin damarsa. Al'adar mutanen nan ta warware wannan tun kafin zuwan takarda. Ana sakar wa mutum mara ya nemi na kansa, amma sai an san wanda za a kama idan ya yi ɓarna.

Gandu da gayauna

A cikin gida yaro yake fara koyon wannan darasi. A tsarin gandu, mai gida da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, gona ɗaya suke nomawa, daga rumbu ɗaya ake ɗebo musu abinci. Da damina a fita da sassafe, a yi aikin gandu har azahar. Daga nan kowa ya kama gabansa, ya nufi gayaunarsa, wato ɗan filin da aka yanka masa. Abin da ya noma a can nasa ne halak malak. In ya ga dama ya sayar ya ɗinka riga, in ya ga dama ya tara ya sayi babur.

Shi ma mai gida ba a zaune yake ba. Ciyar da gida a wuyansa yake, haka iri da fartanya da garma, da harajin kowane baligi a zamanin da ake biya, da auren fari na kowane ɗa, da ragon suna. Idan ya gaza, ɗa ya ce zai fita gandu, dattawan unguwa ba za su ga laifinsa ba. Idan kuma ɗan ne malalaci, ba shi da bakin tambayar sadaki. Mace ma tana da nata. Man kaɗen da ta kaɗa da daddawar da ta yi da kalwa, kuɗinsu nata ne, miji ba ya taɓawa sai da sunan rance. Masanin nan M. G. Smith ya nazarci wannan tsari a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, a lokacin da matarsa Mary Smith take rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo a Giwa, maƙwabciyar Birnin Gwari ta gabas. Yau gandu ya yi rauni, samari da yawa sun fi son cin gashin kansu, amma har yanzu da wannan ma'auni ake auna ɗa nagari da uba nagari.

Daji da masu shi

Baƙo zai ga daji ya ɗauka ba na kowa ba ne. Ba haka abin yake ba. Mai neman gona sai ya je wurin mai unguwa ko dagaci da ɗan goronsa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo neman inda zan sa fartanya." Kafin a yi maganar fili sai an tambaye shi daga ina yake, ɗan gidan wa ne, wa ya sauke shi. In an gamsu, a haɗa shi da wakili ya nuna masa wuri, a yi iyaka da rafi ko suri ko wata babbar bishiya. Guminsa na sassabe shi ne shaidarsa. Da kaka ya kai wa dagaci dami ɗaya ko biyu, alamar cewa bai manta da wanda ya ba shi ba. In ya yi ƙaura ya bar gonar ta zama saura shekara da shekaru, ana iya ba wani.

Ko a cikin gonarsa, ba kowace bishiya mutum zai sa wa gatari ba. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka ana barin su tsaye, domin miyar gari da man girkinsa daga jikinsu suke fitowa. Haka wuta: ba a cinna wa daji sai an kwashe amfanin gona kaf. Wanda ya yi gaggawa wutarsa ta cinye dawar wani, zai biya, don kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Farautar gayya kuma sai da rani, bayan sarkin baka ya tsayar da rana an buga ganga. Ƙa'ida ita ce wanda ya fara ji wa dabba rauni shi ke da ita, ko da yake ƙa'idar ba ta taɓa hana mafarauta kai ruwa rana a kan zomo ɗaya ba.

Aikin gayya ba shi da ɗan sanda. Ranar gyaran hanya ko haƙar rijiya ko ɗaga jinka, wanda ya noƙe ba za a ci shi tara ba. Sai dai ranar da tasa ta taso, zai dubi ƙofar gidansa ya ga wayam.

Burtali da shari'ar ɓarna

Tsakanin gonaki ana barin burtali, hanyar shanu daga ruga zuwa makiyaya da mashaya, sau da yawa a shinge shi da ƙaya ko cini-da-zugu. Manomi ba ya nome burtali. Makiyayi ba ya shigar da shanu gona sai an gama girbi an yi shela. Da rani kuwa manomi ne da kansa yake roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, ya bi shi da tiyoyin dawa.

Idan shanu suka yi ɓarna, ga yadda ake yi. Mai gona ya bi sawu har ya gane garken, amma ba zai taɓa saniya ko yaron da ke kiwo ba. Mai unguwa zai kai wa ƙara, shi kuma ya aika a kira Arɗo, shugaban Fulanin wurin. Sarkin noma da dattawa biyu ko uku su shiga gonar, su ƙirga kunyoyin da aka cinye, su dubi girman zangarniyar da ta tsira, su ƙiyasta dami nawa aka yi hasara. Arɗo shi ne mai tsaya wa nasa: ko ya sa mai shanun ya biya, ko ya biya daga aljihunsa su daidaita a ruga. Ba abin mamaki ba ne a ji mai gona ya ce, "Arɗo, na yafe rabi, albarkacin zaman tare."

Ba kullum ake yin adalci ba. An yi dagatai masu sayar da burtali, an yi alƙalai da 'yan sanda masu tatsar Bafulatani saniya guda a kan ɓarnar da ba ta kai kwano goma ba, an kuma yi makiyaya masu sakin shanu da dare da gangan. Waɗannan ƙullace-ƙullace suna cikin abubuwan da suka haifi fitinar da ta biyo baya.

Dillali da cigiya

A kara, wato kasuwar shanu, baƙo ba ya sayar da sa shi kaɗai. Sai ya sami dillalin da ya san shi ko ya san mai masaukinsa. Mai saye ya taya, dillali ya juya wurin mai dabba, mai dabbar ya ce albarka, a ƙara, har ya ce ya sallama. A biya kuɗi gaban shaidu, dillali ya karɓi la'adarsa. Wannan la'ada ba ladan surutu ba ce kawai. In bayan wata guda wani ya zo ya gane sansa ta tsagar kunne ko lalas, wuyan dillali za a kama: ko ya fito da wanda ya kawo masa, ko ya biya. Dabbar da aka tsinta kuma a ƙofar gidan mai gari ake ɗaure ta, a yi cigiya ranar kasuwa. Da wannan tsari, satar saniya ta fi sayar da ita sauƙi, shi ya sa a da sata ba ta zama sana'a ba.

Zuwan dokar takarda

Zamanin Turawa, En'e ta shigo da dokoki irin nata. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku ya zama gandun dajin hukuma, aka sa malaman daji su hana sara da farauta sai da izini. A 1999 Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120. Haraji da jangali sun gallabi talaka, ba wanda ya yi kukan rabuwa da su lokacin da Gwamna Balarabe Musa ya soke su a 1979. Amma a dalilinsu ne dagaci yake da lissafin kowane magidanci, Arɗo yake da lissafin kowane garke. Da suka tafi, ba a kawo wata hanyar ƙidaya a madadinsu ba.

Kafin nan an riga an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna tun ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakunan masu ba da shawara, dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Sai aka wayi gari wanda ya san mutane ba shi da iko, mai iko kuma yana Kaduna, bai san kowa ba.

Haƙar zinare ta nuna wannan giɓi ƙarara. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. A bakin rami kuwa, a yankin Damari da sauran wurare, wani tsari ne daban yake aiki: mai gona da kasonsa, mai kuɗin da ke ciyar da masu haƙa da nasa, masu shiga rami da nasu, a raba buhunan dutse yadda aka yi alkawari. Sai dai masu haƙar daga ko'ina suke zuwa, ba mai tambayar wa ya sauke su. In rami ya rufta da mutum, ba hukuma, ba dillali, ba Arɗo.

Da bindiga ta zama doka

Daga baya satar shanu ta ƙazanta, ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane da ƙone garuruwa. Da jami'an tsaro suka yi ƙaranci, matasa suka kafa ƙungiyoyin sa-kai. Sun tsare garuruwa da dama, amma inda suka kama suka yanke hukunci da kansu a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ramuwar gayya ta biyo baya. Harin Gwaska na watan Mayun 2018, inda aka kashe mutane da yawa a rana ɗaya, ya sa duk ƙasa ta ji sunan Birnin Gwari. Manoma suka koma biyan 'yan bindiga kuɗi kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari ta bayyana cewa 'yan Ansaru, waɗanda suka shigo yankin Damari da sunan kare jama'a daga ɓarayin daji, sun hana harkokin siyasa a garuruwan gabashin masarautar. A shekarar ne kuma mutanen Damari da yawa suka yi gudun hijira.

Gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta gwada nata maganin a 2021. Ta rufe kasuwannin mako-mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana sare itace don katako da gawayi, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawan babur, aka kuma katse layukan waya daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar mai da abinci da labari. Amma a ƙauye babur ne ke kai mai naƙuda asibiti, da jarka ake kawo man injin niƙa da na ban ruwa, a kasuwar mako manomi yake sayar da masara ya sayi magani. Dokar ba ta iya bambanta mai laifi da mai neman abinci ba, don ba ta bi ta hannun waɗanda suka san su ba.

Abin da ake ƙoƙarin farfaɗowa

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, ya kuma buɗe kasuwar shanun garin bayan kimanin shekara 10 tana rufe. Sulhun ya bi ta hannun malamai da shugabannin Fulani da masarauta, ƙarƙashin Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na II. Wato dai an koma neman masu tsaya wa mutane, irin waɗanda aka daɗe da turewa gefe.

Akwai abin da al'ada za ta iya. Dillali zai iya rubuta sunan duk wanda ya kawo masa dabba, dagaci da Arɗo za su iya sake shata burtali, mai unguwa zai iya sanin wanda ya sauka a bakin ramin zinare. Amma shari'ar ɓarna ta dattawa an yi ta ne don kunyoyin dawa da shanu suka ci. Ba ta da ma'aunin ran da aka kashe, ko garin da aka ƙone, ko gonar da aka sayar don biyan kuɗin fansa. Raba mutane da bindigogi, tsare hanya, hukunta mai laifi da biyan diyya ga wanda aka zalunta, waɗannan aikin hukuma ne, ba wanda zai ɗauke mata. Mutumin Kazage ya saba da bin doka tun daga gandun ubansa, ya kuma saba da cewa wanda aka yi wa aiki har azahar shi ne ke da alhakin ciyar da gida.