Daga "baronnie" zuwa "lamidat": wa ke ba ƙasa suna?

A Turai ta da, baron basarake ne da sarki ya damƙa wa yanki. Daga sarautarsa ake ciro sunan yankin: Faransawa su ce baronnie, Turawan Ingila barony, Sifaniyawa baronía, Italiyawa baronia.

Da wannan mudun Faransanci ya auna mu a Kamaru. Lamido ya haifi lamidat, kamar na Ngaundere da Rai Buba. Sultan ya haifi sultanat, kamar na Fumban. Dokar 15 ga Yulin 1977 kuma ta kasa sarautun gargajiya hawa uku, duka da suna chefferie.

Hausa kuwa sau da yawa ƙasa ce ke ba mutum suna: Sarkin Kano, mai gari, mai unguwa. Hakimi, wanda ya fi kama da baron, gunduma yake riƙo. Ba a raɗa mata suna daga rawaninsa ba.

Abin da ke damuna, ni malami a Nkomkana, yaranmu na Briqueterie sun haddace lamidat, amma ka ce gunduma sai su yi zuru. Iyaye, wannan darasi ba ya cikin manhaja. Sai dai a gida.