SHAWARA GA MAI CIKI: INDA SITIROYID KE AMFANI DA INDA YAKE ƁARNA

Da zarar idon mace mai ciki ya yi rawaya, sai ka ji an ce shawara ce, a jiƙa mata sassaƙe ko a sayo ƙwaya a kemis. To, jama'a, shawara dai alama ce kurum. Cututtukan hantar da ke kawo ta iri-iri ne, kowace da maganinta.

Akwai wadda garkuwar jiki ce ke juyowa tana yaƙar hanta. A nan ne maganin sitiroyid mai suna prednisolone ke aiki, domin yana kwantar da garkuwar. Mabiyiya tana karya ƙarfin mafi yawansa kafin ya kai ga ɗan tayi, saboda haka likitoci kan bar mace a kansa har ta haihu. Sai dai yakan ɗaga sukari da hawan jini, kuma barin shansa farat ɗaya haɗari ne.

Akwai kuma cutar da Likita Louis Weinstein na Amurka ya raɗa wa suna HELLP a 1982, 'yar'uwar jijjiga ce, takan taɓa hanta da jini. An gwada dexamethasone a kanta, ba a ga ya rage mutuwar uwa ba. Maganinta shi ne a raba uwa da ciki. In an yi wa irin wannan mace allurar, to, don huhun jariri ne, tsakanin mako 24 da 34. Liggins da Howie ne suka nuna amfanin haka ga bakwaini a Niyu Zilan a 1972.

Ga mai ciwon hanta nau'in B kuwa, sitiroyid na iya tayar da ƙwayar cutar da ke kwance. Abin da ake ba wadda ƙwayar ta yi mata yawa a jini shi ne tenofovir daga mako na 28, a kuma yi wa jariri rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Nau'in E, wanda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa, ya kashe mata masu ciki a Diffa ta Nijar a 2017, shi ma sitiroyid ba maganinsa ba ne.

Saboda haka maigida, in ka ga idon uwargida ya sauya, ko tana fama da ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa da dare, kai ta asibiti a auna jininta kafin ta haɗiyi kowace ƙwaya. Rai biyu ne a hannunka.