Littafin Tsuntsaye na Miliyoyi da Agwagin Ƙasar Anka

Kwanakin nan wani tsohon labari ya sake zagayowa a wayoyin mutane, ana ta tura shi daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan, cewa an sayar da littafi guda na zanen tsuntsaye a kan kuɗin da za su gina asibiti. Labarin gaskiya ne. Littafin shi ne The Birds of America na John James Audubon. A watan Yunin 2018 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da kwafi ɗaya a New York a kan dala miliyan 9.65, kafin nan kuma, a Disambar 2010, Sotheby's ya sayar da wani a Landan a kan fam miliyan 7.3. Sharhin da na fi gani a ƙarƙashin labarin bai wuce "Turawa sun rasa abin yi da kuɗi" ba. Wannan fahimta ta dame ni, domin shekarar 2010 ɗin nan ita ce shekarar da ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka binne 'ya'yansu, kuma tsuntsaye ne suka fara kawo gargaɗi, ba a saurare su ba.

Yadda ake yin waɗannan hotuna ba shi da wuyar bayani. Kafin zuwan kyamara, mai zane ya zana tsuntsu, wani gwani ya karce zanen a kan farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna takarda, hoto ya fito baƙi da fari. Sai masu launi su zauna a jere, wannan ya sa shuɗi ya miƙa, na kusa ya sa ja. Littafin Audubon ya fito kashi-kashi tsakanin 1827 da 1838, zane 435, tsawon takardarsa kusan mita guda, don kowane tsuntsu ya fito a girmansa na ainihi. A ma'aikatar Robert Havell ta Landan mutum kusan 50 ne suka yi aikin launin da hannu. Abin da aka haɗa cikakke bai kai kwafi 200 ba, kuma wajen 120 ne suka rage. Tsadar ta taso daga nan. Amma darajar littafin ta wuce ta kasuwa, domin a cikinsa akwai tsuntsayen da suka ƙare a duniya. Akwai wata kurciya mai ƙaura da garkenta kan rufe rana a Amurka, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Akwai tsiryar Carolina, wadda ta ƙarshe a keji ta mutu a wuri guda a 1918. Wanda ke son ganin yadda suke sauka a reshe, sai ya buɗe irin waɗannan shafuka.

Na taɓa riƙe irin wannan takarda a hannuna, a gidan wani tsohon malamin makaranta a Zariya. Shafi ne da ya ɓalle daga littafin William Swainson kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda aka buga a Edinbara a 1837. Bai fi tafin hannu da yawa ba, gefensa ya yi ruwan ƙasa saboda tsufa. Asisi ne a jiki, ɗan tsuntsun nan mai shuɗin ƙirji da jan ɗigo a kumatu, wanda ke tsince tsaba a gindin turmi idan mata sun gama sussuka. An bar ganyayen bayansa ba launi, tsuntsun kaɗai aka shafa. Da malamin ya karkata takardar wajen taga, sai na ga inda gashin burushi ya ɗan zarce layi a gefen fiffike. Wani ma'aikaci da ba a rubuta sunansa ba ya zauna a ɗaki mai sanyi ya ɗiga wannan jan, bai taɓa ganin tsuntsun yana motsi ba. Shi kansa Swainson bai taka Afirka ta Yamma ba, busassun fatu aka kai masa, akasari daga Senegal.

Akwai ma abin da muka sani sarai a cikin aikin. Abin da ke riƙe launin a kan takarda ƙaro ne, wanda alaramma ke jefawa a tawadar zuge don rubutu ya kama allo. Da Alois Senefelder ya ƙirƙiro bugu da dutse a Jamus a 1796, hanyar da John Gould da matarsa Elizabeth da Edward Lear suka yi suna da ita daga baya, ƙaro ne ke hana tawada kama inda ba a so. Yawancin ƙaron da Turai ta yi amfani da shi a wancan zamani daga Sahel ya fito, ta kogin Senegal.

To, ga tarihin da ba a koya mana a makaranta. A Janairun 1824 Hugh Clapperton ya shigo Kano daga Borno, ya bi ta Zurmi, ya isa Sakkwato a watan Maris, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi. Abokin tafiyarsa Dixon Denham ya tsaya yana zagaya Tafkin Cadi. Da suka koma gida suka fitar da littafin tafiyarsu a 1826, a ƙarshensa aka bayyana tsuntsayen da suka kawo. Tun daga ranar, wani nau'in fakara ke ɗauke da sunan Clapperton a littattafan kimiyya na duniya, tuje kuma na ɗauke da sunan Denham. Shamuwa, wadda kowane manomi ke duba saukarta kafin ya gyara gona, sunan wani gwamnan Turkawa a ƙasar Sudan aka laƙaba mata, Abdim, tun 1823. A 1885 da 1886 wani matashin Bajamushe, Ernst Hartert, ya ratsa Zariya da Kano da Sakkwato da Gwandu tare da Paul Staudinger yana tara tsuntsaye. Shi ne daga baya ya shugabanci gidan tarihin Lord Rothschild da ke Tring a Ingila, kuma hannunsa aka kai tsuntsayen da Angus Buchanan ya tara a 1920 daga Kano zuwa duwatsun Azbin. A 1932 Rothschild ya sayar da fatun tsuntsaye wajen 280,000 ga gidan tarihin halittu na New York. Ɗalibinmu da ke son auna fiffiken abin da aka harbo a dajin Kano shekara ɗari da suka wuce, sai ya nemi biza.

Su waye suka nuna wa waɗannan baƙi inda tuje ke kiwo, suka san kukan fakara da asuba, suka ɗana tarko, suka feɗe, suka shanya? Maharbanmu ne da 'yan rakiya. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya durƙusa yana kwaikwayon tafiyarsa har ya kusanci nama, ya san tsuntsun nan fiye da duk wanda ya auna gawarsa da ma'auni. Sunayen waɗannan mutane ba su shiga shafukan ba sai nadiran. A Nuwambar 2023 ƙungiyar masanan tsuntsaye ta Amurka ta ce za ta sauya sunayen Ingilishi na tsuntsayen yankinta da ke ɗauke da sunayen mutane, aka yi ta cacar baki, musamman da yake Audubon kansa ya mallaki bayi. Ni damuwata ta fi kusa da gida. Muna da namu sunayen, gauraka da zalɓe da cilakowa da carki da dinya da kirinjijiya da ragon maza da yautai da suda, amma babban rumbun da ya adana su shi ne ƙamusun G. P. Bargery na 1934, kuma ƙamus ba ya nuna launin fiffike.

Da David Bannerman ya fitar da juzu'i takwas na The Birds of Tropical West Africa tsakanin 1930 da 1951, zamanin shafa launi da hannu ya riga ya shuɗe, inji ya karɓa. A 1964 aka kafa ƙungiyar masanan tsuntsaye ta Nijeriya, kuma Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin jigoginta. Tun 2001 akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a Jos, wadda ta yaye 'yan Nijeriya masu yawa. Aiki ne mai kyau ƙwarai, sai dai da Turanci ake yinsa, mutumin ƙauye kuwa da Hausa yake ganin tsuntsu.

A tsofaffin hotunan nan wani lokaci za ka ga farin ƙirjin tsuntsu ya koma baƙi-baƙi. Farar dalma ce aka shafa, iska mai ƙibiritu ta dafe ta. Dalmar nan ita ce ta shigo gidajen Abare da Dareta da 'Yargalma da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza da Bagega, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a cikin buhunan duwatsun zinariya. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka riƙa kawo dutse cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ƙura ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara na ta sanƙarewa suna mutuwa, maganin zazzaɓi ba ya yi musu komai. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙidaya a ƙauyuka biyu na farko, ta samu kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu ta haura 400, dubbai kuma aka yi musu maganin fitar da guba daga jini. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba ta samu nata aikin ba sai 2013.

Hukumar CDC ta rubuta wani abu da ya kamata a riƙa karanta wa kowane sabon jami'in lafiya a Gusau. Tun farkon shekarar 2010, kafin mutuwar yara ta yi ƙamari, agwagi sun fara ɓacewa a ƙauyukan. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Agwagwa tana tsoma baki a laka da kwatami, tana haɗiye tsakuwa don niƙa abinci a ƙundunta, saboda haka ita guba ke fara kamawa. Ban ɗora wa uwar da ta wayi gari ta ga agwaginta a miƙe laifi ba, annobar kaji ba baƙuwa ba ce a ƙauye. Laifin yana kan tsarin da bai tanadi kunnen da za a kai wa irin wannan labari ba, bai koya wa malamin asibitin ƙauye ko malamin dabbobi cewa mutuwar tsuntsu tana iya zama sallamar mutuwar yaro ba.

Abin da masu waɗancan littattafai suka gane ke nan tun shekara ɗari biyu: sai ka zana abu, ka ba shi suna, ka rubuta inda aka gan shi da ranar, sannan za ka iya gane ranar da ya ɓace. Mu namu suna ɓacewa ba lissafi. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa, ta kusa ƙarewa a dajin Nijeriya, mafi yawan yaranmu a gidan mai hali kawai suka taɓa ganinta. Ungulu da ke cika mahauta a da, tun 2015 aka sa ta cikin jerin masu dab da ƙarewa a duniya, kuma har yau ana sayar da kanta a kasuwar 'yan magani. Wa ya ƙidaya dinyar da ke sauka a fadamun Gummi bana, balle ya gwada da ta shekara ashirin baya?

Na san amsar da za a ba ni, cewa ana fama da 'yan bindiga, wa ke ta tsuntsu. Gaskiya ne dajin Anka da Bukkuyum ba ya shiguwa yanzu. Amma tsofaffin maharban da suka san dajin suna nan zaune a garuruwa, da yawansu gudun hijira ya kawo su, kuma kowace shekara ana rasa wasu. Jihar Zamfara tana nan tun 1996, Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana yaye gwanaye. Me ya hana ma'aikatar ilimi da ta muhalli su haɗa mai zane biyu da masanin tsuntsaye ɗaya da dattawan maharba goma, su fitar da littafin tsuntsaye ɗari na ƙasar Zamfara, kowanne da launinsa da sunansa na Hausa da na Fulatanci, da abincinsa da lokacin zuwansa? Kuɗin bai kai na motar jami'i guda ba. Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum sun san sarakunan bakansu, aike ɗaya ya isa a tara su. An ɗage dokar hana haƙar ma'adinai a jihar a ƙarshen 2024, dutse zai ci gaba da shigowa gari, saboda haka a sa shafi guda a littafin kan agwagwa da kaza da tantabara, da wurin da za a kai rahoto idan sun fara faɗuwa.

Kafin hukuma ta motsa, malamin firamare a Abare yana iya farawa da littafin rubutu mai shafi arba'in da fensir mai launi. Bana yara su rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a kan kuka, su zana ta yadda suka gan ta, su ƙirga sheƙoƙi, su ƙirga agwagin unguwarsu. Baɗi a buɗe sabon shafi, a ajiye na bana a ofishin hedimasta.