Fassarar Kiɗa don Kunnen Baƙo: Tsokaci a kan Faifan Catch a Fire na Ƙungiyar Wailers

1.0 Gabatarwa

Manazarta harshe sun saba kallon fassara a matsayin juyar da zance daga wani harshe zuwa wani. Wannan maƙala za ta dubi wata irin fassara da ba ta taɓa kalmomi ba, sai dai amon da ke ɗauke da su. Misalin da aka zaɓa shi ne faifan Catch a Fire, wanda ƙungiyar mawaƙan rege ta Wailers ta ƙasar Jamaika ta fitar a watan Afrilu na 1973.

2.0 Yadda aka samar da faifan

A shekarar 1972, Bob Marley da Peter Tosh da Bunny Livingston suka sami kansu a Landan, aljihu ba nauyi. Nan suka je wajen Chris Blackwell, mai kamfanin Island, wanda shi ma a Jamaika ya tashi. Ya ba su fam 4,000 a kan su koma gida su ɗauko masa faifai guda. Suka koma Kingston suka ɗauki waƙoƙin a ɗakunan ɗaukar sauti na Dynamic da Harry J da Randy's, tare da 'yan'uwan nan biyu, Aston Barrett mai jitar bas da Carlton Barrett mai ganguna.

A wancan zamani kasuwar rege ta ƙananan faifai ce, waƙa ɗaya a kowace fuska, ana kaɗa su a dandalin rawa. Blackwell kuwa ba mutanen dandali yake hange ba. Samarin Turawa masu sayen babban faifan kiɗan rok su ne a ransa. Saboda haka da Marley ya kawo kaset ɗin Landan, sai aka sake zama a kansa. Aka gayyato Amurkawa biyu, Wayne Perkins ya ɗora jita, John Bundrick ya ɗora ogan da sauran kayan kiɗa masu madannai. Perkins da kansa ya ba da labarin yadda tun farko ya kasa gano inda kiɗan yake farawa, domin makaɗin rege yakan bar bugu na ɗaya fanko, ya sauke nauyi a kan na uku. Wato shi kansa tafintan sai da aka koya masa harshen. Jitar da ake ji a waƙar "Concrete Jungle" tasa ce.

Abin lura shi ne, Marley yana wurin aka yi wannan kwaskwarima. Don haka da wuya a ce ƙwace aka yi. Ciniki ne, ko da yake ba kowa a ƙungiyar ya gamsu da farashin ba. Saƙon kuwa bai motsa ba. Waƙoƙi tara ne, biyu daga ciki na Tosh, kuma jigon bauta da talaucin unguwannin Kingston yana nan daram. Sunan faifan ma na karin harshen Jamaika ne, yana nuni da wutar da za ta ci azzalumi.

3.0 Yadda aka karɓe shi

Marubutan jaridun kiɗa na Ingila sun yaba, amma kasuwa ba ta yi hanzari ba. A jerin Billboard na Amurka bai wuce matsayi na 171 ba. Tasirinsa a hankali ya bayyana, domin shi ya buɗe wa rege ƙofar kasuwar duniya. Sai a 2001 aka fitar da ainihin ɗaukar Kingston a gefen ta Landan, har da waƙoƙi biyu da aka ajiye tun farko, ta yadda mai nazari zai iya jera asali da fassara ya kwatanta. Mai sauraro zai ji ta Kingston ta fi kauri da sarari, ta Landan ta fi ƙyalli.

Kwalin faifan ma ya ba da nasa labarin. Bugun farko an yi shi da siffar kyastun Zippo mai buɗewa, da sunan Wailers kawai. Da aka sake bugawa, sai hoton Marley shi kaɗai ya cika fuska, sunansa ya hau gaban na ƙungiyar. Bunny ya ƙi bin rangadin Amurka na 1973, Joe Higgs ya maye gurbinsa. Kafin 1974 ta ƙare, shi da Tosh duk sun kama gabansu.