Galahanga: Tsarabar da iyalan Gombe ke dawowa da ita daga hutun ƙasar waje, su kulle a akwati

Ranar 2 ga Afrilu, 2025, washegarin ƙarewar hutun Ƙaramar Sallah, ma'aikatan da suka koma bakin aiki a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja sun tarar da dandalin Eagle Square cikin wata kama ta daban. An shimfiɗa zane guda ɗaya a filin, wanda faɗinsa ya haura murabba'in mita 12,000, wato ya ɗara filin ƙwallo ɗaya da rabi. Mai zanen shi ne Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, yaro ɗan shekara 15 a lokacin, wanda magana ba ta yalwata a bakinsa saboda lalurar galahanga. Kundin bajinta na Guinness ya tabbatar da cewa babu wani mutum guda da ya taɓa yin zane a kan ƙyalle mai girman wannan. Ministar Al'adu, Hannatu Musawa, na cikin waɗanda suka halarci bikin.

Zanen ya ɗauki hankali, amma abin da ya kai shi dandalin shawara ce da iyayen yaron suka yanke tun yana ƙarami. Sun ƙi ɓoye shi. Sun fita da shi, sun yi tafiye-tafiye da shi, an baje kolin zanensa har a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kuma duk inda aka ba su dama sun ambaci lalurar ɗansu da sunanta. A Gombe, kamar sauran biranen Arewa, akwai iyalan da ke da halin yin rabin farko na wannan, wato fita da yaron ƙasar waje. Rabi na biyu ne ke gagararsu.

A baya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura. A Amurka, inda ake bincike da wuri, alƙaluman da hukumar CDC ta fitar a 2025 sun nuna yaro 1 cikin 31 a tsakanin 'yan shekara 8. Nijeriya ba ta da ƙididdigar ƙasa a kan lamarin. To amma ko da ma'aunin farko aka ɗauka, makarantar firamare mai ɗalibai 1,000 a Jekadafari ko Pantami ko Bolari ya kamata a ce tana da irin waɗannan yara kamar goma. In ba a gan su a aji ba, suna gida ke nan.

Sunan ma kansa matsala ne. Kafofin yaɗa labarai na Hausa sun fi amfani da kalmar galahanga, sai dai a bakin jama'a kalmar tana haɗa abubuwa da dama waɗanda likita ba zai haɗa su ba, har da yaron da aka haifa da wata sura ta musamman a fuska da jinkirin fahimta. Lalurar da likitoci ke kira otizim daban take. Sau da yawa yaron lafiya lau yake a ido. Sai dai a kira sunansa ya ƙi waiwayowa, ba ya son haɗa ido, ba ya nuna abin da yake so da yatsa, magana ta yi jinkiri ko ta fara sannan ta ɗauke. Yakan maimaita motsi ɗaya, ya jera kayan wasa a layi, ya tada hankali in an sauya masa abin da ya saba ko in ƙara ta yi masa yawa. Wani ba ya magana har girmansa, wani kuwa yana iya kammala jami'a. Ta fi bayyana a maza fiye da mata da kusan ninki huɗu. A unguwa kuwa, sunayen da ake laƙaba wa yaron sun haɗa da ɗan ruwa, da mai iska, da wanda aka yi wa sammu. Wani lokaci a ce sangarta ce kawai, uwar ce ba ta iya tarbiyya ba.

Hutu mai fuska biyu

Duk wanda ya san gidajen manyan ma'aikatan tarayya ya san yadda abin yake tafiya. Maigida yana aiki a Abuja, iyali na GRA ko Federal Low Cost ko Tumfure a Gombe. Idan dogon hutun makarantu ya zo a watan Yuli zuwa Agusta, sai ya daidaita hutunsa na shekara, a shirya tafiya Dubai ko Alƙahira ko Istanbul, ko a yi Umara. Tun bayan da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 irin wannan tafiya ta yi tsada ƙwarai, kuma hanyar Dubai ta toshe na wani lokaci, domin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza a 2022, ba ta dawo da ita ba sai a Yulin 2024. Duk da haka ana tafiya.

A gidan da ke da yaro mai galahanga, tambayar farko ita ce ko za a tafi da shi. Wasu sukan bar shi wajen kaka ko mai aiki, a ce wa dangi jirgi ba ya yi masa daɗi. Wasu kuma sukan tafi da shi, domin a gaskiya shi ne dalilin tafiyar. Ana faɗa wa mutane hutu za a je, alhali akwai ranar ganin likita da aka riga aka biya kuɗinta.

Tafiyar kanta jarrabawa ce. Daga filin jirgin Lawanti zuwa Abuja kamar awa ɗaya ne, amma yaron da ƙarar injin niƙa ke firgita shi zai haɗu da lasifika, da dogon layi, da baƙon da zai laluba jikinsa a wurin bincike, da bel ɗin da dole a ɗaure masa. Idan ya kwanta a ƙasa yana ihu, ba taurin kai ba ne. Abubuwan da ke shiga idonsa da kunnensa ne suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsa a lokaci guda. Uwa ta san haka. Fasinjan da ke bayanta bai sani ba, kuma ba zai rasa shawarar da zai ba ta game da bulala ba.

Iyayen da suka ƙware sun koyi dabaru. Tun kwanaki kafin tafiya ake nuna wa yaron hotunan jirgi da na masauki, a bi da shi mataki bayan mataki. Ana tanadar masa abin toshe kunne mai rage ƙara, da abincin da ya saba, da wani abin wasa da ba ya rabuwa da shi. Ana sanar da kamfanin jirgi tun wajen sayen tikiti.

Can ƙetare ne iyali ke ganin abin da ke sauya musu tunani. A 2016 filin jirgin Gatwick na Ingila ya ƙirƙiro wata igiyar wuya koriya mai zanen furanni rawaya, wadda mai lalurar da ba a gani a ido ke ratayawa, ma'aikaci ya gane ba tare da tambaya ba. Yanzu filayen jiragen sama masu yawa a duniya sun karɓe ta, har da na Dubai. A 2025 kamfanin Emirates ya samu shaidar horar da ma'aikatansa musamman domin irin waɗannan fasinjoji, su fiye da 30,000. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar, an keɓe ɗakunan natsuwa masu sassaucin haske da ƙara a wasu filayen wasa, ciki har da Lusail inda aka buga wasan ƙarshe. Ga uwar da ta shekara biyar tana ba da haƙuri a gidajen biki, ranar da ma'aikaciyar filin jirgi ta durƙusa daidai tsawon ɗanta ta jira shi ba tare da gaggawa ba, rana ce da ba ta mantawa.

Abin da takardar likita ba za ta iya ba

Ana dawowa da rahoto mai shafuka da yawa da hatimin babban asibiti. Sai dai akwai gaskiyar da ya kamata mai shirin kashe miliyoyi ya sani. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da wannan lalura. Ƙwararre yana gano ta ne ta hanyar lura da yaron da kuma tarihin da iyaye suka bayar, sau da yawa tun yana shekara 2. Matakin farko ma takarda ce mai tambayoyi 20, ana kiranta M-CHAT, wadda ake cikawa ga yara 'yan wata 16 zuwa 30. Gwajin ji, wanda ya kamata a fara yi wa duk yaron da bai yi magana ba, da ganin likitan yara da na ƙwaƙwalwa, abubuwa ne da manyan asibitocin koyarwa ke da sassansu, ciki har da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Haka kuma babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da ita. Asibitocin ƙetare masu tallata dashen ƙwayoyin halitta a matsayin waraka suna sayar da abin da bincike bai tabbatar ba, kuma sun san iyayen da suka gaji ba sa ciniki. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne horo na yau da gobe: koyar da magana ko wata hanyar isar da saƙo, koyar da cin abinci da sa tufafi da zama cikin mutane. Wannan aikin shekaru ne, ba na mako biyu a otal ba. Masu wannan sana'a kuma kaɗan ne a Nijeriya, yawancinsu a Legas da Ibadan da Abuja. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri na koya wa iyaye da kansu, zama tara a rukuni da ziyarar gida uku, wanda aka gwada a ƙasashe irin su Habasha da Kenya. Rukuni kuwa ba ya haɗuwa sai iyaye sun san juna.

A nan ne shiru yake cin kuɗin tafiyar. Iyali sun sauka, an raba turare da dabino da jallabiyoyi, rahoton ya shiga ƙasan akwati. Ba za a ce dalilan shirun wofi ne ba. A garin da kunya da kara ke cikin ma'aunin mutunci, ba a saba fitar da sirrin gida ba. Uwa na tsoron a ce daga danginta abin ya fito, ko ya zama makami a hannun kishiya. Uba na tunanin auren 'yan'uwan yaron mata, da abin da abokan siyasar maigidansa za su yi da labarin. Amma sakamakon shi ne gidaje goma a unguwa ɗaya kowanne ya ɗauka shi kaɗai ne, kowanne ya sayi tikitinsa daban, alhali kuɗin tafiya ɗaya zai iya riƙe mai koyar da magana a Gombe na tsawon watanni.

Shirun yana barin fili ga jita-jita kuma. Zargin cewa allurar rigakafi ce ke haddasa lalurar ya samo asali ne daga wata maƙala da Andrew Wakefield ya wallafa a mujallar Lancet a 1998. Mujallar ta janye ta a 2010, an kuma soke lasisinsa na likita a Birtaniya, amma maganar na nan tana yawo a WhatsApp. Yankin da ya ga abin da ƙauracewa rigakafin shan inna ta 2003 ta jawo ba ya bukatar a maimaita masa darasin.

Wuraren da ake sha'awar tsarinsu ba da shiru suka kai nan ba. A Ƙatar, Sheikha Moza bint Nasser ta kafa cibiyar Shafallah a 1999, kuma ƙasarta ce ta gabatar da ƙudurin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a Disambar 2007, wanda ya mayar da 2 ga Afrilu ranar wayar da kai ta duniya. A Legas, Dotun Akande, tsohuwar ma'aikaciyar banki, ta buɗe cibiyar Patrick ta koyar da magana a 2006 bayan abin da ta gani a kan ɗanta. Bankin GTBank ya shafe fiye da shekara goma yana shirya taron shekara-shekara a Legas, inda ƙwararru ke duba yara kyauta. Daga Gombe zuwa wannan taro, tafiya ce ta jirgi biyu ko kwana a mota.

Doka ma tana nan, kuma masu karanta wannan shafi ne ke riƙe da fayil-fayil ɗinta. Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar hana wariya ga masu bukata ta musamman a Janairun 2019. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga ma'aikata ko kamfanin da ya nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. Ta ba su fifiko a layi, da ilimi kyauta har sakandare, da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-gine ya cika a Janairun 2024. Sai dai idan ana maganar dokar a ofisoshi, abin da ke zuwa a zuciya shi ne keken guragu da sandar makaho. Yaron da lalurarsa ba ta bayyana a jiki ba ya shiga lissafin kasafi, domin babu wanda ya miƙe a zauren taro ya ce nasa ne.

Babban sakatare ko darakta ko mai taimaka wa sanata da ya faɗi haka sau ɗaya, a gidan rediyo a Gombe ko a taron iyaye da malamai, zai isa kunnen matar da ke Herwagana wadda ba ta taɓa riƙe fasfo ba, wadda kuma ta riga ta sayar da akuyarta ta kai wa mai magani. Ba sai an tara 'yan jarida ba ma. Dama ta farko takan zo ne a daren da aka dawo, ana tsakiyar rabon tsaraba, lokacin da kakar yaron za ta dubi ɗanta ta ce, "To Alhaji, me likitocin can suka ce game da mai sunan Malam?"