Wa Ke Koyar Da Likitan Da Ke Duba Mu?

Duk mazaunin Unguwar Briqueterie, wadda muke kira Birik, ya san hanyar Babban Asibitin Yawunde, domin ko da ƙafa ana zuwa. Wasu kuma akan tura su asibitin koyarwa na Melen. Wanda ya taɓa kwanciya a irin waɗannan wurare ya san yadda safiya take: babban likita zai shigo, samari da 'yan mata cikin fararen riguna suna biye da shi kamar 'yan tsaki, kowa da ɗan littafinsa, su kewaye gado ana tambaya ana amsawa. Da yawa cikin dattawanmu ba sa son haka, sukan ce an mai da su allon karatu. To, jama'a, babu likitan da ya faɗo daga sama da iliminsa. Kowannensu a bakin gadon wani ya koya. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake wannan koyo, tun da jikinmu ne littafin, kuma 'ya'yanmu ma sun fara neman shiga sahun.

A zamanin Turawa ba a nufi baƙar fata da zama cikakken likita ba, mataimaki ake so. Faransawa sun buɗe makarantar likitanci a Dakar a 1918, Ingilishi suka buɗe tasu a Yaba ta Ikko a 1930, amma wanda ya fito daga cikinsu yana ƙarƙashin likita Bature ko da ya fi shi sanin cutar ƙasar. A nan Kamaru garin Ayos, a bakin kogin Nyong, shi ne cibiya. Can Dokta Eugène Jamot ya kafa sansaninsa na yaƙi da ciwon barci a shekarun 1920, ya horar da samari yadda kowa zai ƙware a aiki guda: wannan ya laluba wuya, wancan ya ɗebi jini, wani ya duba a madubin likita, wani ya yi allura. Aikin ya ci, amma hannuwa aka horar, tunanin yana wurin Bature. Har bayan samun 'yancin kai a 1960, ɗan Kamaru mai son zama likita sai ya tafi Faransa, ko Dakar, ko Ibadan.

Tsarin da makarantun waje suke bi a lokacin ya samo asali ne daga wani rahoto da aka buga a Amurka a 1910. Wanda ya rubuta shi, Abraham Flexner, ba likita ba ne, malamin makaranta ne, abin da mu masu riƙe alli ba ma gajiya da faɗa. Ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada, ya tarar da yawancinsu kasuwa ce kawai: a biya kuɗi, a saurari lacca, a karɓi takarda. Ya ce a gina karatun a kan kimiyya, ɗalibi ya fara da sanin ƙirar jiki da yadda yake aiki a ɗakin gwaji, sannan ya wuce asibiti. An rufe makarantu da dama bayan rahoton, har da biyar daga cikin bakwai na baƙaƙen fatar Amurka, wanda wannan tabo ne da ake tunawa har yau. Tsarin ya fitar da likitoci masu ilimi, sai dai ya saba musu da babban asibiti mai cike da na'urori. In aka kai irin wannan likita ƙauyen da babu wuta babu ruwan famfo, sai ya zama kamar kifin da aka tsamo daga ruwa.

Wannan matsala ce aka so a magance lokacin da aka kafa Cibiyar Ilimin Lafiya ta Jami'ar Yawunde a 1969, wadda kowa ya sani da suna CUSS, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu ƙasashe. Shugabanta na farko shi ne Farfesa Gottlieb Lobe Monekosso, ɗan Kamaru haifaffen Ikko a 1928, wanda ya yi karatu a Landan, ya koyar a Ibadan da Makerere da Darussalam. Ya ga tsarin Ingila ciki da waje, ya kuma san inda yake yi wa Afirka ciwo. Ra'ayinsa shi ne, tun da likita ba shi kaɗai zai yi aiki a gunduma ba, to kada a horar da shi shi kaɗai. A haɗa shi inuwa ɗaya da manyan ma'aikatan jinya da masu aikin gwaji, su san juna tun suna ɗalibai. Kuma kada a jira sai ya gama kafin ya ga ƙauye. A tura shi ya ƙirga gidaje, ya duba rijiyar da ake sha, ya ga inda ake haihuwa, ya tambayi abin da yara ke ci. A ƙarshe ya rubuta kundin bincike a kan wata matsalar lafiya ta ƙasarsa kafin a kira shi dokta. Rukunin farko ya fito a 1975, shekara uku kafin babban taron Alma-Ata na 1978 inda duniya ta amince cewa kiwon lafiya daga matakin farko shi ne ginshiƙi. Wato a wannan fage Yawunde ta riga duniya tashi. Shi kuwa Monekosso ya zama Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka daga 1985 zuwa 1995, ya riƙe Ministan Lafiya daga 1997 zuwa 2000, ya rasu a 2017.

A shekarar da aka buɗe CUSS, Jami'ar McMaster ta Kanada ita ma ta fara wani gwaji. Maimakon malami ya tsaya yana zuba, sai a raba ɗalibai ƙananan rukunoni, a ba su labarin marar lafiya, su gano da kansu abin da ba su sani ba, su je su nemo, su dawo su tattauna. Mu da muka bi ta makarantar horon malamai wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, mun san abin da yaro ya tono da kansa ya fi zama a kansa bisa wanda aka ɗura masa. Amma mun kuma san tsadarsa. Yana son malamai da yawa da ɗakin karatu mai littattafai, kuma ba ya yiwuwa a ajin da aka cusa mutum ɗari uku.

Jarrabawa ma ta canja. Da, a kai ɗalibi gaban marar lafiya guda, in ya dace da cutar da ya karanta ya haye, in ya haɗu da farfesa mai zafin rai ya faɗi. A 1975 Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta Sikotilan suka fito da tsarin zango-zango. Ɗalibi zai bi ta wurare da yawa, kowanne 'yan mintoci, nan ya auna hawan jini, can ya karɓi bayanin ciwo, gaba ya fassara sakamakon gwaji, kowa kuma da ma'auni iri ɗaya ake auna shi.

Binciken da ya fi shafar mu, a ganinmu, shi ne wanda ya koma kan maganar da ke gudana tsakanin likita da marar lafiya. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, suka naɗi hirarrakin ɗakin duba marasa lafiya, suka tarar cewa likita kan katse mai magana bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayani. Wannan fa tsakanin masu harshe ɗaya ke nan. To ina ga tsohuwar da ba ta jin Faransanci sai Hausa da ɗan Fillanci? Abin da muka saba yi shi ne a haɗa ta da jikanta ɗan firamare ya yi tafinta. Ku duba wannan lamari, 'yan'uwa. Ta yaya kaka za ta faɗa wa yaro ɗan shekara goma cewa jini na zubar mata? Sai ta ce jikinta ne babu daɗi. In ta ce zuciyarta na tashi, yaro ya juya shi kalma da kalma, ana iya zaton ciwon zuciya alhali amai take ji. Ga shawara, ga basir, ga sanyi, kowace kalma tana ɗauke da cututtuka fiye da ɗaya a bakin mutanenmu. Binciken da aka yi a asibitocin Amurka ya nuna kurakuran tafintan da aka tsinta a hanya sun fi na ƙwararre haɗari ga marar lafiya. Shi ya sa makarantu da yawa a duniya suka mai da sauraro da iya tambaya darasi mai jarrabawa, har da hayar mutanen da za su yi kamar ba su da lafiya don ɗalibi ya gwada a kansu. Ƙasar da ke da harsuna sama da ɗari biyu ta fi kowa bukatar wannan darasi.

Tafiyar ba ta miƙe ba. A 1993 aka sake fasalin jami'o'i, CUSS ta zama Tsangayar Likitanci ta Jami'ar Yawunde ta Ɗaya. A shekarar aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, likitoci da yawa suka kama hanyar Turai. Daga baya makarantu masu zaman kansu suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, wasu ba su da ko asibitin da ɗalibi zai taɓa marar lafiya. Ƙungiyar likitocin ƙasa ta yi ƙorafi, aka binciki makarantun, a 2013 gwamnati ta taƙaita izinin horar da likitoci ga jami'o'in gwamnati na Yawunde da Duwala da Buea da Bamenda da 'yan ƙalilan masu zaman kansu, ta kuma kafa jarrabawar shiga guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, wadda yara ke kira konkur. Abin da Flexner ya gani a Amurka shekara ɗari baya, shi muka gani a nan. An ƙara buɗe tsangaya a Dschang da kuma Garwa, wadda ta fara a ƙarƙashin Jami'ar Ngaundare kafin a kafa Jami'ar Garwa a 2022.

Iyayen da ke da yaro mai wannan buri su lura da abu biyu. Kafin a biya ko sisi ga wata makaranta, a tabbatar tana cikin waɗanda hukuma ta amince da su, a kuma tambayi asibitin da ɗalibanta ke koyon aiki. Na biyu, karatun shekara bakwai ne, kuma ba a ranar konkur yake farawa ba. Yana farawa tun a sakandare, lokacin da yaro zai shiga ɓangaren lissafi da kimiyya. A nan ne muke asarar yawancin namu, saboda an ja namiji kasuwar Mokolo ya tsare shago, mace kuma an ce ta isa aure. Mu ne kuma muke kukan cewa matanmu suna ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu don ba sa son namiji ya duba su. Likita macen da za ta ji "zuciyata na tashi" ta gane ba tare da tafinta ba, yanzu haka tana wani aji a makarantun unguwar nan, kuma shekara bakwai ɗin nan ubanta ne zai ce ta yi ko kada ta yi.