Me Ke Hana Kazar Gida Yin Ƙwai?

A taron ƙungiyarmu wata uwa ta kawo kuka. Kajinta takwas, amma tun da zafi ya shigo ba ta ɗauki ƙwai ko ɗaya ba, har tana shirin kai su kasuwar Batsari ran Alhamis ta rabu da su. Na roƙe ta ta dakata. A ƙasar Ruma yau, inda ɓarayin daji suka raba gidaje da yawa da shanu da awaki, kaza ce ta rage wa mace don kuɗin magani da na makaranta.

Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sa'an nan ta kwanta kwanci kwana 21, ta kuma yi wata biyu ko fiye tana yawo da 'yan tsaki. Duk wannan lokaci ba ta yin ƙwai, ba kuwa ciwo ba ne. In ƙwai kuke so, ku riƙa kwashewa kullum. Kaza ɗaya ko biyu sun isa a bar wa kwanci. Zakara kuwa ba shi ne ke sa ta yi ƙwai ba, aikinsa shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Amma babban dalili, a ganina, yunwa ce. Da damina kaza tana samun ƙwari da tsutsa da ɗanyen ganye, da kaka tana tsintar gero da dawa a masussuka. Daga watan Fabrairu fa? Ƙasa ta bushe ƙaf. Mu kuwa sai mu watsa mata dusa tafi ɗaya mu ce mun ciyar. Dusa tana riƙe rai, amma ba ta isa gina ƙwai ba, gama ƙwai yana bukatar abinci mai gina jiki. Ku haɗa gwangwani uku na dusa da tsaki da gwangwani ɗaya na dakakken ƙuli-ƙuli marar gishiri, wanda bai yi fumfuna ba. Waken suya ma yana yi, amma tilas a soya shi tukuna. Gara kuwa kyauta ce: a cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara cikin tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri da yamma, a juye wa kaji da safe.

In ƙwan yana fitowa da ɓawo mai laushi, ko kaza tana fasa nata tana sha, sinadarin ƙashi ne ya yi mata ƙaranci. Kowane ɓawo yana cin wajen giram 2, in ba ta samu a abinci ba sai ta ciro daga ƙashinta. A ƙona ƙasusuwa a daka, ko a gasa ɓawon ƙwai a niƙe shi lilis, a ajiye musu a kasko dabam.

Ruwa kuma. Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. A zafin Afrilu, kazar da ta wuni tana haki ba ruwa tana iya yin kwanaki ba ta koma gurbi ba. A sa kasko a inuwa, a sake ruwan safe da azahar.

Ku shiga akurki da fitila da dare. Akwai kaskar da ke ɓuya cikin tsagar bango da rana, ta fito ta sha jinin kaji in duhu ya yi. A share, a ƙona sharar, a yaɓe tsagogin, a zuba musu toka inda za su yi birgima.

Annobar hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, ba ta da magani sai riga-kafi. Kazar da ta tsira ma takan daɗe ba ƙwai. Ana yin maganin riga-kafin a Vom, kusa da Jos. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida guda, saboda haka ƙungiya ta tara kuɗi ta nemi malamin dabbobi kafin watan Nuwamba. Kazar da aka sayo a kasuwa kuma a ware ta mako biyu.

Kafin ku sayar da kowace kaza, ku taɓa ƙasusuwa biyun nan na gefen dubura. In yatsu biyu ko uku sun shiga tsakaninsu, zankonta kuma ja ne, tana yin ƙwai, wataƙila a wani lungu take ɓoyewa. Biyu daga cikin kajin uwar nan a ƙarƙashin rumbu aka tarar da gurbinsu.